Na iya zane, amma ta ina ake shiga harkar littattafan yara?

Sabuwar_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman manyanmu da suka daɗe a sana'ar zanen littattafan yara. Wanda hannunsa ya faɗa a zane amma bai san kowa ba a kamfanonin wallafa littattafai, ta ina zai fara? Kowa sai ya ce a nemi sanayya, amma ba mai faɗin da wa za a yi sanayyar, ko me za a ce masa. Marubuci zan nema mu haɗa littafi mu kai wa kamfani? Zane nawa ya kamata in nuna? Kuma idan Allah ya sa aka kira ni, me zan duba a yarjejeniya kafin in sa hannu? Don Allah a yi min dalla-dalla.

Fensir_2B:

Wa'alaikumus salam Malama. Bari in fara da batun marubuci, don a nan mutane da yawa suke ɓata shekara guda a banza. A manyan kamfanonin wallafa, edita ne ke sayen labari, sannan shi da daraktan zane su zaɓi wanda zai zana. Sau da yawa marubucin da mai zanen ba sa ma haɗuwa har littafin ya fito. Idan kuka haɗa kai kuka kai aiki a ƙulle, kamfani zai iya son labarin ya ƙi zanen, ko ya so zanen ya ƙi labarin, sai a mayar muku da duka biyun. Marubucin da zai buga littafinsa da kuɗinsa daban ne, wannan ciniki ne tsakaninku, ki yi masa aiki ya biya ki. Amma in dai kamfani kike nema, mutumin da ya kamata ya san da zamanki shi ne daraktan zane, sai kuma masu tsara shafi da ke ƙarƙashinsa.

Shi kuwa darakta, ba kyan hoto kaɗai yake dubawa ba. Masu kyan hoto sun cika intanet. Tambayar da ke ransa ita ce: wannan za ta iya ɗaukar yaro ɗaya ta kai shi shafi 32, tsawon da aka saba yi wa littafin hotuna, bai sauya kamanni ba? Saboda haka kundin aikinki ya amsa masa wannan tun kafin ya tambaya. Zane 12 zuwa 15 sun isa. Wanda kike shakkarsa ki cire shi, domin da mafi raunin zanenki za a auna ki, ana tunanin ranar da wa'adi ya matse ki irinsa za ki miƙa.

A cikin waɗannan, lallai a samu jeri ɗaya na hotuna uku ko huɗu na labari guda. Misali yarinya ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Hoto na farko tana leƙa ƙarƙashin gado, an hango ta daga sama. Na biyu ta zauna a ƙasa ta turo baki, an matso da fuskarta kusa. Na uku shafi biyu ne a buɗe, ɗaki gaba ɗaya ya hargitse, kuma can a lungu kyanwa na kwance a kan takalmin, ita yarinyar ba ta gani ba amma yaron da ke karatu ya gani. Wannan hoto na uku shi ke kawo aiki, saboda ya faɗi abin da rubutu bai faɗa ba. Ki kula tsawonta, girman kanta a kan jikinta, launin rigarta da yanayin gashinta su zama ɗaya a duka ukun.

Ki nuna kin san bambancin ɗan shekara uku da ɗan shekara takwas. Na uku kansa babba ne a kan jikinsa, wuyansa kusan ba a gani, ƙafafunsa gajeru. Masu koyo da yawa babban mutum suke zanawa su rage masa tsawo, sai ya fito kamar wada. A samu dabbobi, tsofaffi, taron mutane, cikin ɗaki da waje, dare da rana, da mutane biyu suna hulɗa da juna, ba kowa ya tsaya yana murmushi yana kallon mai karatu ba. Idan kina son aikin littattafan manyan yara masu babi-babi, ki ƙara zanen baƙi da fari guda biyu ko uku. Kwaikwayon taurarin katun ɗin da kowa ya sani kuma ki bar shi a waje. Mallakin wasu ne, kuma ba ya nuna komai sai iya kwafa.

Wurin rubutu ma ki bar shi a cikin hoton. Sarari mai launi ɗaya mai haske, kamar sama ko bango ko ƙasa, inda layi uku ko huɗu za su zauna a karanta ba wahala. Hoton da aka cika daga gefe zuwa gefe na ratayewa a bango ne, ba na littafi ba.

Kundin ya zauna a shafin intanet naki na kanki, wanda da an buɗe hotuna za a fara gani, imel ɗinki kuma a fili. Instagram da Behance, dandalin da masu zane ke baje aikinsu, suna da amfani wajen sa a gan ki, amma darakta ba zai tsaya tona hotunan shekara uku yana neman aikinki na ƙwarai ba.

Tawada_da_Takarda:

Na yarda da Malam Fensir, sai dai kada a jira kundi ya kai intaha kafin a fara aikawa, don ba zai taɓa kaiwa ba. Da zarar akwai goma masu ƙarfi, a fara.

Ga yadda ake gano mutanen. Ki shiga ɗakin karatu ko kantin littattafai, ki ɗauki littattafan yara da suka fito a cikin shekara uku zuwa biyar da suka wuce, ki ware waɗanda zanensu ya yi kusa da salonki. Ki buɗe shafin haƙƙin mallaka, wanda ke farko ko ƙarshen littafi. A nan za ki ga sunan kamfani da sunan reshen da ya fitar da littafin, wani lokaci har da wanda ya tsara shi. Reshen ya fi muhimmanci, saboda babban kamfani ɗaya yana iya samun rassa da dama, kowanne da editocinsa da irin abin da yake so. Ki rubuta su a jadawali: suna, reshe, ranar da kika aika, abin da kika aika, amsa. Sunaye 30 da aka zaɓa da lura sun fi 300 da aka kwaso. Kuma ki karanta ƙa'idar karɓar aiki a shafin kowane kamfani. Wasu imel suke so, wasu fom, wasu ba sa karɓa sai ta hannun wakili.

Imel ɗin kada ya wuce layi biyar ko shida. Ki faɗi ko ke wace ce, ki ambaci littafi ɗaya nasu da ya sa kika ga aikinki zai dace da su, ki sa adireshin kundinki, ki liƙa hotuna uku marasa nauyi, JPEG, kowanne ƙasa da megabait ɗaya, sunanki a jikin sunan kowane fayil. Darakta yakan ajiye hoto a wata jaka a kwamfutarsa, bayan shekara ya tuna da shi, to idan sunan fayil ɗin lambobi ne kawai, ya rasa ki ke nan. Ban da tarihin rayuwa, ban da ban-haƙuri irin na "ni dai ɗan koyo ne".

Shiru ba ƙi ba ne. Yawanci ba a amsawa sai an samu labarin da ya dace da hannunki, kuma hakan na iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu. Ki sake aikawa bayan wata uku ko huɗu, amma da sabon zane, ba da "ko kun ga saƙona" ba. Idan kuwa aka amsa aka ce ki riƙa sanar da su abin da kike ciki, da gaske ake, ba sallama ba ce. Mutane da yawa a nan suke sakin igiya.

Batun taruka. Mafi girma a harkar shi ne baje kolin littattafan yara na Bolonya a Italiya, wanda aka fara a 1964, ana yin sa kowace shekara wajen watan Maris ko Afrilu. Na 'yan kasuwar littafi ne, ba na yara ba, kuma babban abin da ke kai kamfanoni can shi ne cinikin haƙƙin fassara, don haka editoci sukan cika jadawalinsu da ganawa tun watanni kafin ranar. Wanda ya je ba tare da ya nemi ganawa ba, abin da ya rage masa shi ne layin duba kundi da wasu rumfuna ke buɗewa na awa ɗaya ko biyu, da kuma bangon masu zane, inda kowa ke liƙa katinsa. A layin nan mintuna kaɗan za a ba ki, don haka ki riƙe kundi bugagge ko kwamfutar hannu da aka riga aka sauke hotunan a ciki, kada ki dogara da intanet ɗin wurin. Akwai kuma nunin zane na baje kolin, wanda aka fara a 1967: ana aika hotuna biyar na jigo guda, kuma ba sai an je ba ake shiga. Baje kolin Farankfot a Jamus na watan Oktoba ya fi girma a harkar littafi gaba ɗaya, amma ga mai zanen yara da ke farawa bai kai Bolonya amfani ba.

Ƙungiyoyi biyu sun cancanci a san su. SCBWI, ƙungiyar marubuta da masu zanen littattafan yara da aka kafa a Amurka a 1971, tana da rassa a ƙasashe da dama, tana shirya duba kundi da taruka, har da na intanet. AOI kuma, ƙungiyar masu zane ta Birtaniya da aka kafa a 1973, ta fi ƙarfi wajen ba mambobinta shawara kan yarjejeniya da farashi.

Sai abin da aka fi rainawa, wato sauran masu zane. Ba abokan gaba ba ne. Mai zanen da aiki ya yi wa yawa, idan ya ce wa darakta ba shi da lokaci, tambayar da ke biyo baya ita ce ko ya san wani. Ki haɗa ƙaramin rukuni na mutum huɗu ko biyar da kuke mataki ɗaya, ku riƙa duba aikin juna sau ɗaya a wata, kuna faɗa wa juna gaskiya. A irin wannan rukuni ake jin wane kamfani ne ke jinkirin biya, wane ne ke yawan sauya ra'ayi. Kuma ƙaramin mai tsara shafi da kika mutunta yau, bayan shekara biyar shi ne darakta a wani kamfanin, da jakar hotunansa zai tafi.

Sabuwar_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To batun wakili fa, dole ne? Sannan idan aka ce in yi zanen gwaji kyauta kafin a ba ni aiki, in yarda?

Mai_Karanta_Ƙananan_Rubutu:

'Yar'uwa, wakili ba dole ba ne, amma akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da shi. Iri biyu ne. Wakilin marubuta yakan ɗauki la'adar kashi 15 cikin 100, kuma shi ya fi dacewa da wanda ke rubuta labarinsa ya zana da kansa. Wakilin masu zane yakan ɗauki kashi 25 zuwa 30, wani lokaci fiye, amma yana kawo aikin littattafan makaranta, mujallu da katuna. Na gaskiya ba ya karɓar ko sisi daga hannunki kafin ya samo miki aiki. Kafin ki sa hannu da shi ki tambayi abu biyu: zai ci la'ada a kan abokan cinikin da kika samo da kanki? Kuma idan kuka rabu, har tsawon wata nawa zai ci gaba da cin la'ada a kan waɗanda ya haɗa ku?

Zanen gwaji kuwa, kamfanin kirki yana biya, ko da kaɗan ne. In za ki yi sassauci, kada ya wuce zanen fensir ɗaya na tauraron labarin, kuma a rubuce cewa naki ne. Wanda ya ce ki zana shafi uku da launi don ya gani, ko ya ce ladanki shi ne sunanki zai fito, ki ba shi haƙuri. A yi hattara kuma da wata tsohuwar damfara da ake yi wa masu zane: baƙo ya yarda da farashi ba ciniki, ya aiko da cek da ya fi kuɗin aikin, ya ce ki mayar masa da rarar. Bayan kwanaki banki ya gano cek ɗin na bogi ne, rarar da kika tura kuma ta tafi.

Yanzu yarjejeniya. Biya iri biyu ne. Akwai kuɗi dunƙule sau ɗaya, wanda aka fi yi a littattafan makaranta da ƙananan kamfanoni. Akwai kuma kafin alƙalami da kaso daga ciniki. A kasuwar Amurka, abin da aka saba a littafin hotuna mai kaurin bango shi ne kashi 10 na farashin bango, a raba biyu, marubuci 5, mai zane 5. Mai laushin bango kason ya fi ƙasa. Kafin alƙalamin ba kyauta ba ne, daga kasonki ake cire shi. Misali, idan abin da aka ba ki ya yi daidai da farashin kwafi 500, kasonki kuma kashi 5 ne, sai an sayar da kwafi 10,000 kafin ki sake ganin kuɗi. Idan kuma kashi 5 ɗin na abin da ya shiga hannun kamfani ne, ba na farashin bango ba, kuma kamfanin yana ba 'yan sari rangwamen rabi, lissafin ya koma kwafi 20,000. Kalma biyu ce a takarda, amma ta ninka jiran. Littattafai da yawa ba sa kaiwa can, don haka ki ɗauka kafin alƙalamin shi ne ladanki, ki raba shi da watannin da aikin zai ci, wata shida zuwa shekara ga littafi mai shafi 32, ki ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Ki nemi a biya ki sau uku: ranar sa hannu, ranar amincewa da zanen fensir, ranar miƙa aikin ƙarshe. Kada kason ƙarshe ya rataya ga ranar fitowar littafi in da hali, domin ana iya ɗaga fitowar da shekara guda, kuma ba laifinki ba ne.

Babban abin dubawa shi ne haƙƙin mallaka. Bayar da izinin amfani daban, sayar da haƙƙi gaba ɗaya daban. A izini, zanen naki ne, kamfani yana da damar buga shi a littafi, a yankuna da harsuna da tsawon lokacin da aka ambata. In kika sayar, za su iya sa tauraron a jikin jakar makaranta ko su ba wani ya zana littafi na biyu da shi, ba ki da ta cewa. Idan sayarwa ce, kuɗin ya ninka. Ki duba kasonki a fassara, a kayan wasa da a fim. Ki duba a rubuta cewa haƙƙi zai dawo miki idan littafin ya bar kasuwa, kuma a fayyace ma'anar barin kasuwa da adadin kwafin da ake sayarwa a shekara, in ba haka ba kwafin lantarki ɗaya zai riƙe shi har abada. A rubuta yawan gyara, zagaye biyu a matakin fensir, ɗaya ƙarami bayan launi, abin da ya wuce haka a biya. A rubuta abin da za a ba ki idan aka soke aikin a tsakiya, cikakken kuɗi idan kin riga kin miƙa na ƙarshe. A rubuta sunanki a bango. Yanzu ma ana ƙara sharaɗin cewa ba za a ciyar da zanenki ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sai da izininki. Neman gyara a yarjejeniya ba rashin kunya ba ne, kamfanoni sun saba da shi.

Ɗakin_Bugu:

Duk abin da aka faɗa na samun aikin farko ne. Na biyu kuwa daga yadda kika miƙa na farko yake zuwa, kuma masu tsara shafi suna hira da juna.

Dalilin shafi 32 shi ne ana buga shafuka takwas ko 16 a kan babban falle ɗaya, a ninke, a yanke. Saboda haka ba a ƙara shafi biyu don labari ya yi tsawo, sai dai a tsallaka zuwa 40. A cikin 32 ɗin, shafin take da na haƙƙin mallaka za su ci nasu, a wasu littattafan ma shafin farko da na ƙarshe manne su ake yi a jikin bango. Abin da zai rage wa labari buɗi 12 zuwa 14 ne, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna. Ki tambayi wane tsari ne kafin ki ja layi ɗaya. Sannan ki ninke farar takarda ki yi ƙaramin littafin gwaji, ki riƙa juya shafin da hannu, don abin mamaki a bayan juyi ya kamata ya faɗo, ba a shafin dama inda ido ya riga ya gani ba.

Girma: ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga. A kowane gefe ki ƙara rarar milimita 3, wasu kamfanoni 5 suke so, saboda wuƙar yanka tana ɗan kaucewa, in babu rara sai farin layi ya fito a bakin shafi. Littafi mai santimita 25 a kan 25, buɗinsa da rarar milimita 3 zai zama 50.6 a kan 25.6, wato kusan fiksel 5976 a kan 3024. Wanda ya fara a ƙarami ya buɗa daga baya, layinsa zai yi dishi-dishi, kuma ba gyara sai sake zane. Tsakiyar buɗi, inda ake ɗinki, tana haɗiye kusan santimita guda a kowane ɓangare. Kada fuska ko hannu ko wani abu mai muhimmanci ya faɗa nan.

Launi: fuskar kwamfuta da haske take aiki, RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi mai ƙyalli, kore shar da ruwan hoda mai haske duk suna dusashewa a takarda, hoton dare kuma yana ƙara duhu, musamman a takarda marar sheƙi da ke shan tawada. Ki nemi tsarin launin da maɗaba'ar ke amfani da shi tun farko, ki riƙa duba aikin da shi, kuma ki roƙi a nuna miki bugun gwaji.

Rubutu kada ya shiga cikin zane. Ko allon kanti ne a cikin hoto, ko ƙarar faɗuwar kwano da kika rubuta da hannu, ki sa shi a leyarsa daban, wato shimfiɗarsa ta kansa a cikin fayil ɗin, baƙi zalla. Dalili shi ne idan aka sayar da littafin ga kamfanonin ƙasashe da dama, launukan sau ɗaya ake buga su ga kowa, farantin baƙin rubutu kaɗai ake sauyawa ga kowane harshe. Harafi ɗaya mai launi da aka narkar a cikin hoto yana iya lalata wannan lissafi. Don haka ma ba a son farin rubutu a kan baƙin shafi.

Fayil ɗin ki miƙa shi a nau'in TIFF ko PSD, tauraro a leyarsa, bayan fage a tasa, don a iya matsar da shi kaɗan idan rubutu ya yi yawa. Sunan kowane fayil ya ɗauki lambar shafi da lambar gyara. Idan kuma kika ga ba za ki cika wa'adi ba, ki faɗa mako uku ko huɗu kafin ranar, ki ba da sabuwar rana da za ki iya cikawa. An riga an kama wa littafin layi a maɗaba'a da jirgin dakon kaya, a mako huɗu ana iya sake tsari, ana gobe kuwa ba a iyawa.